Katirij ɗin firinta ba ya kai adadin da aka rubuta a kwali: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya, yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne. Firintocina biyu, HP P1102 da P2035. A kwalin katirij 85A na P1102 an rubuta shafi 1,600, amma ni da ƙyar nake samun rabi. Idan kuma aka ɗura mini tona sau biyu ko uku, sai rubutu ya dusashe ko baƙin layi ya fito a takarda. Yaya zan yi katirij ya riƙa daɗewa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba da kasuwa. Matsala biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma kowace da maganinta. Ta farko garin tona ne yake saurin ƙarewa. Ta biyu jikin katirij ne yake lalacewa, wato duram (bututun da yake ɗora gari a takarda) da biledi (abin da yake kankare ragowar gari daga duram) da rololin da ke ciki. Kamar babur ne, mai daban, taya daban, wanda ya iya tsimin mai ba lallai ne tayarsa ta daɗe ba. A shagunan da nake shiga gyara, daga Samaru zuwa Kongo da Sabon Gari, abin da na fi gani shi ne hankalin mai shago duk yana kan garin, alhali kuɗinsa ya fi zubewa ta wajen jikin katirij.

Bari in fara da wannan 1,600 ɗin, domin ba ƙarya kamfani ya yi maka ba. Akwai ma'aunin duniya da ake gwada katirij na baƙi da shi, sunansa ISO/IEC 19752. Shafin da ake gwajin da shi wasiƙa ce mara cunkoso, wadda tona take rufe kusan kashi 5 cikin 100 na fuskar takarda. A kan wannan aka ce 85A yana ba da 1,600, 05A na P2035 ɗinka 2,300, tsohon 12A kuma 2,000. To dubi abin da ake kawo maka a shago. Shafin furojet mai tazara tsakanin layuka bai yi nisa da ma'aunin ba. Amma takardar lacca da aka ɗauka da waya aka turo maka ta WhatsApp, wadda bayanta ya yi toka-toka, gefenta ga inuwar hannu ga baƙin tebur, wannan shafi ɗaya yana iya cin abin da shafuka da dama za su ci. Lissafin a fili yake: in shafi ya cika da baƙi gaba ɗaya, ya ci rabon shafi 20. Haka silayid na PowerPoint mai duhun baya, haka takardun rajista masu hoto da tambari. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na aikinka irin waɗannan ne, rabin nan da kake samu ba abin mamaki ba ne. Sannan katirij ɗin da yake zuwa cikin sabuwar P1102 na somin-taɓi ne, wajen shafi 700 yake bugawa, kada ka auna sauran da shi.

Saboda haka tsimin gari a kwamfuta yake farawa, tun kafin takarda ta shiga firinta. Duk hoton takarda da aka turo maka, ka yanke gefensa, ka ƙara masa haske har bayan ya koma fari, ko ka ce wa ɗalibin ya sake ɗauka da manhajar sikan ta waya ya zaɓi baƙi da fari zalla. Minti ɗaya ne aikin. Silayid kuwa, PowerPoint yana da zaɓin bugawa da baƙi da fari tsantsa wanda yake cire duhun baya, kuma kana iya jera silayid huɗu ko shida a shafi guda. Yawancin ɗalibai ma sun fi son haka don kuɗinsu zai ragu. Wanda ya nace sai an buga masa yadda yake, to ka faɗa masa farashin shafi mai hoto daban ne. Ba zalunci ba ne, kayanka ya ci fiye da na wani. Ni a ganina rashin bambanta farashin nan ya fi komai cinye ribar masu shago, domin mai furojet ne yake biya wa mai hoto ba tare da kowa ya sani ba.

A cikin saitin firintocin HP akwai EconoMode, wanda yake rage yawan garin da ake zubawa a kowane harafi. Ka kunna shi ga kwafin gwaji, irin wanda ɗalibi zai kai wa malaminsa ya yi masa jan biro ya dawo da shi. Irin wannan kwafin shi ne mafi yawan aikin lokacin furojet, babi ɗaya sai a buga shi sau da yawa kafin a amince. Kada ka kunna shi ga kwafin ƙarshe da za a ɗinke, ko takarda mai lambar da na'ura za ta karanta. Kamfanin da kansa ya rubuta a littafin firinta cewa bai ba da shawarar a bar EconoMode a kunne kullum ba, saboda garin yana iya wuce kwanan sassan katirij. Wannan gargaɗi ya fi shafar wanda yake jefar da katirij idan gari ya ƙare. Kai da kake ɗurawa, abin da za ka ɗauka daga ciki shi ne duram yana tsufa da yawan juyawa, ko gari ya ragu ko bai ragu ba. Akwai kuma saitin kaurin bugu, daga 1 zuwa 5, wanda yake zuwa a kan 3. Sau da yawa nakan tarar an kai shi 5 saboda wata rana rubutu ya dusashe, aka manta ba a mayar ba. Ka duba naka yau. Idan katirij lafiyayye ne, 3 ya isa, wani lokaci 2 ma yana fita tas.

Za ka ji ana maganar canja salon haruffa. Gaskiya ne wasu sun fi wasu siranta. A 2010 Jami'ar Wisconsin ta Green Bay a Amurka ta koma Century Gothic a saƙonninta na imel don rage tawada. Sai dai haruffansa suna da faɗi, suna ƙara yawan shafi, kuma yawancin sassa a makarantunmu Times New Roman mai girman 12 suke nema. Wannan ba naka ba ne, ka bar shi.

Idan farin zane ya fara ratsa shafi daga sama zuwa ƙasa, ko gefe ɗaya ya dusashe, ba lallai garin ya ƙare ba, ya taru ne a ɓangare guda. Ka ciro katirij, ka riƙe shi a kwance da hannu biyu, ka karkata shi a hankali dama da hagu sau biyar ko shida, ka mayar. A hankali na ce. Masu jijjiga shi da ƙarfi ko buga shi a tebur suna zubo dattin gari a kan duram da cikin firinta. Za ka iya maimaita wannan har ya daina amfani, daga nan ka tsaya ka ɗura. Kada ka ci gaba da tilasta masa bugu babu gari, domin garin da kansa yana rage gogayya tsakanin biledi da duram. Saƙon da firinta take nunawa cewa tona ta kusa ƙarewa kuwa ƙiyasi ne daga cif, wato ɗan allon lantarkin da ke manne a jikin katirij, ba leƙa cikin ta yi ba. Takardar da ta fito ita ce shaida. Sababbin firintoci suna da zaɓin su tsaya, ko su tambaye ka, ko su ci gaba idan saƙon ya fito, ka zaɓi ci gaba.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so ka ba hankali, wato abin da yake sa katirij ya mutu bayan ɗuri biyu.

Duram shi ne bututun nan kore ko shuɗi da kake gani idan ka ɗaga murfin ƙasan katirij. Fatarsa siririya ce ƙwarai, kuma haske take ji, da haka ne hasken leza yake zana rubutu a kanta gari ya manne. Don haka abu uku ne maƙiyanta: haske, yatsa, da duk wani abu mai karce. Idan takarda ta maƙale ka ciro katirij, kada ka ajiye shi a bakin ƙofa rana tana dukansa kana hira da kwastoma. Mintuna kaɗan na haske mai ƙarfi sun isa su bar tabo. Ka kifa masa takarda ko ka sa shi a durowa. Kada ka taɓa fatar da hannu, maiƙon yatsa yana fitowa a bugu. Takardar da ta maƙale kuma ka ja ta da hannu biyu a hankali ta hanyar da take tafiya, bayan ka cire katirij, ba ka fizge ta yana ciki ba.

Mai karce na farko shi ne fil ɗin sitefila. Saboda tsadar takarda mutane suna juya wadda aka riga aka buga su sake sa ta, kuma ban hana ba ga kwafin gwaji, amma fil ɗaya da aka manta ya isa ya tsaga duram ya kuma huda ledar fiyuza, wato sashen da yake gasa gari a jikin takarda. Gyaran fiyuza ya fi rim ɗin da kake ƙoƙarin tsimi tsada nesa ba kusa ba. Takarda mai farin ruwan goge kuskure, da mai gam, da takardar hoto ta firintar tawada, duk ka nisantar da su.

Mai karce na biyu ƙurar waje ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, shagon da yake bakin titi yana shan ƙura yini guda. Ƙurar tana sauka a kan takardar da ke buɗe a tire, takarda ta ja ta ciki, ta shiga tsakanin biledi da duram tana ci kaɗan-kaɗan. P1102 tirenta a buɗe yake, ta fi P2035 shan wannan wahala. Kada ka bar takarda ta kwana a tirenta. Ka ɗora firinta a tebur, can ciki nesa da ƙofa, ba a ƙasa ba. In an tashi aiki ka bari ta huce ka rufe ta da yadi. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana sa bayan takarda ya yi toka-toka ko da katirij lafiya yake, wannan ma yana cikin littafin HP, kuma tokar nan garinka ne yake tafiya a banza. Rage kaurin bugu mataki ɗaya yakan taimaka. Takardu kuma suna mannewa da juna a wannan lokaci, ka riƙa karkaɗa su kafin ka zuba.

Da bazara zafi ne abin tsoro. Garin tona roba ce da aka niƙa, an yi ta ne don ta narke a fiyuza, kuma tun kafin zafi ya kai nan take fara dunƙulewa. Katirij ko robar gari da aka bari a cikin mota a rufe da ranar Afrilu, ko a kan kanta dab da rufin kwano, za ka buɗe ka tarar ya yi gudaji. Ka ajiye su a kwance, cikin ledarsu, a wuri mafi sanyi a shagon. Da damina kuma takarda ce take shan danshi, rubutu ya fito da ɓaraka-ɓaraka, mai shago ya ɗora wa katirij laifi ya ruga wurin ɗuri. Kafin ka kashe ko kwabo, ka buɗe sabon rim ka gwada.

Wuta ma tana da nata rabon. Firintar leza tana jan wuta da yawa lokacin da fiyuza take ɗaukar zafi, ƙaramin janareta yakan durƙusa, takarda ta tsaya a tsakiya da ɗanyen gari a kanta. Kowane tsayawa irin wannan ciro katirij ne da jan takarda, kuma a nan ake yawan ji wa duram ciwo. Idan za a sauya daga wutar gari zuwa inji, ka dakata da bugu har ta daidaita. Sannan duram yana juyawa kafin shafin farko da bayan na ƙarshe a kowane aiki, don haka shafi 50 da aka tura ɗaya-ɗaya sun fi gajiyar da shi a kan 50 da aka tura a dunƙule. Abin da za ka iya haɗawa, ka haɗa.

Sai ɗurin kansa, inda ake yin ɓarna mafi yawa. Katirij irin naka ɗaki biyu gare shi. Ɗaya na sabon gari, ɗaya na dattin da biledi yake kankarowa daga duram bayan kowane shafi. Kamfani ya auna ɗakin dattin ne don rayuwa ɗaya. Mai ɗurin da yake sauri yakan cika ɗakin gari ya miƙo maka, bai zubar da dattin ba. A ɗuri na biyu ko na uku ɗakin ya cika ya fara amai, sai ka ga baƙin layi da ɗigo-ɗigo a takarda. Ina kyautata zaton wannan ne yake samunka, tunda lokacin da ka ambata ya yi daidai. Ka tsaya a kansa ka ga ya buɗe ya zubar. Kada kuma ka yarda a mayar da dattin cikin sabon gari da sunan tsimi, cike yake da ƙurar takarda kuma cajinsa ya lalace.

Gari ma ba iri ɗaya ba ne, ko da duk baƙi ne a ido. Na 12A da 85A da 05A yana da sinadarin ƙarfe a ciki, saboda maganaɗisu ne yake ɗauko shi zuwa duram. Na Brother ba shi da wannan, cajinsa ma kishiyar na HP ne. Na injin fotokwafi daban. Ko a cikin HP ɗin, garin da aka yi don 12A ba ya fita da kyau a 85A. Wani abin da yake ruɗa mutane shi ne HP Laser 107a da 135a: HP ta sayi sashen firinta na Samsung a 2017, waɗannan kuma ƙirar Samsung ce a ciki, garinsu ba na P1102 ba ne. Mai ɗurin da yake da roba ɗaya da yake zuba wa kowa daga ciki, ka canja shi. Ka nemi wanda zai nuna maka lambar katirij ɗinka a jikin robar. Kada kuma a danƙara fiye da kima don a faranta maka, 85A wajen giram 80 yake ɗauka, cikawa har wuya tana sa gari ya toshe ko ya zubo. Ragowar tsohon gari a zazzage shi kafin a zuba sabo idan ba iri ɗaya ba ne.

Duram da biledi kayan canji ne, ana sayar da su daban, kuma ba su kai kuɗin sabon katirij ba. Shawarata idan za a canja duram a canja biledi tare, domin tsohon biledi mai kaushin baki yana cinye sabon duram da wuri. Takardar da ta fito takan faɗa maka wanda ya gaji. Tabon da yake maimaita kansa duk bayan kusan santimita 7.5 duram ne, domin tsawon zagayensa ke nan a firintocinka biyu. Siririn baƙin layi miƙaƙƙe daga sama har ƙasa, biledi ne ko karce a duram. Toka a gefen takarda mai kama da sawun taya, fatar duram ce ta cinye. Toka a ko'ina, a duba baƙar rolar da take ba duram caji, sau da yawa gogewa kawai take so. Idan kuwa ka shafa rubutu da yatsa ya goge, katirij ba shi da laifi, fiyuza ce ba ta gasawa, ko an sa takarda mai kauri ba a faɗa wa firinta ba. Samun katirij biyu ga kowace firinta yana sauƙaƙa wannan bincike: ka musanya, in matsalar ta bi katirij ka san inda take. Ga shi kuma ba za ka tsayar da layin ɗalibai ba ranar da ake rububin miƙa aiki.

Idan kai da yaranka kuke ɗurawa, don Allah ku kula da ƙirjinku. Garin ya fi ƙura laushi. A sa takunkumi, a yi a waje ko bakin taga, kada a hura da baki ko da injin hura iska a cikin shago. Idan ya zuba a riga, a kakkaɓe a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi yana narkar da shi ya kama yadi. Na sha ganin yara masu koyon aiki hancinsu baƙi ƙirin da yamma, abin yana damuna, domin su ba su san illar ba sai an faɗa musu.

Game da cif, 12A ba shi da shi sam, P1102 kuma tana ci gaba da bugu ko ba a canja na 85A ba, sai dai ba za ta nuna maka ragowar gari daidai ba. Sababbin firintocin HP da yawa suna da tsarin da kamfanin ya kira Dynamic Security, wanda yake iya ƙin katirij mai cif ɗin da ba nasu ba, musamman bayan an sabunta manhajar firinta. Duk ranar da za ka ƙara firinta, ka tambayi wannan kafin ka biya, ka kuma tambayi ko ana samun duram da garinta a Sabon Gari ko sai an aika Kano ko Legas.

Ka ware littafi ka riƙa rubuta ranar ɗuri, abin da aka canja, da rim nawa ka buga kafin na gaba. Rim takarda 500 ne, ke nan 85A a ma'aunin kamfani rim uku ne da ɗan ɗori idan fuska ɗaya kake bugawa, 05A kuma ya haura huɗu da rabi. Ka haɗa kuɗin gari da na duram da biledi ka raba da yawan shafi, shi ne ainihin abin da shafi yake ci maka, kuma da shi za ka gane mai ɗurin da ya fi araha a baki wani lokaci shi ya fi tsada. Manyan ayyuka ka riƙa tura su P2035, an gina ta don ɗaukar nauyi fiye da P1102, tirenta kuma a rufe yake. Sai dai kada wani ya sayar maka da 05X mai shafi 6,500 da sunan zai fi daɗewa. Na P2055 ne, ba a yi shi don P2035 ba.